Irmiya a Gonar Rake

A wata ƙasa mai yawan fadama, akwai wani dattijo mai babbar gonar rake. Gonar ta bi bakin rafi tun daga gindin dutse har inda ido ba ya kaiwa. Mutane da yawa suna ci a ƙarƙashinsa: masu shuka, masu sara, masu matse rake, da masu dafa mazarƙwaila. Babba da yaro, kowa Baba yake ce masa.

Cikin ma'aikatansa akwai wani mutum mai suna Irmiya. Shi ba ɗan garin ba ne. Ambaliya ce ta cinye musu gida da rumbu a garinsu, ya taso da matarsa Tabita, tana goye da 'yarsu Ladi, suna neman inda za su sa kansu. Da suka iso gonar, Baba bai tsananta musu tambaya ba. Ya sa aka ba su ɗaki a unguwar ma'aikata, aka auno musu hatsi, da gari ya waye aka nuna wa Irmiya wurin aiki.

Irmiya mutum ne mai natsuwa, mai riƙe magana. Tun daga ranar nan ya ƙudura a ransa cewa ba zai ba wanda ya rufa masa asiri kunya ba. Saboda haka ya kasa kunne. Duk abin da tsofaffin ma'aikata suka faɗa a kan Baba, sai ya ɗauka ya adana. Ya ji cewa Baba ba ya son ƙarya, ko da ta wasa ce. Ba ya yarda a bugi dokin da yake juya injin matse rake. Ba ya yarda a hana matafiyi rake in ya roƙa. Ya ji labarin shekarar fari, yadda Baba ya buɗe rumbunansa ga gari duka. Ya kuma ji labarin ranar da wuta ta kama busasshen ganyen rake ta kewaye wani ma'aikaci, kowa ya ja da baya, Baba ya kutsa cikin wutar ya jawo shi da hannuwansa.

A kwana a tashi, Irmiya ya zama ya fi kowa sanin waɗannan abubuwa. In gardama ta tashi a gona a kan abin da Baba yake so da abin da ba ya so, sai a ce a tambayi Irmiya. Yakan ba da amsa daidai, ba ragi ba ƙari. Aikinsa ma ba shi da abin kushewa, har aka ɗora shi a kan masu dafa mazarƙwaila, shi ne mai tsayawa a bakin babban kasko yana lura da ruwan rake har ya yi kauri.

To, Baba yana da wata al'ada. Kowace yamma, in an tashi daga aiki, yakan sa a shimfiɗa tabarmi a rumfar ƙofar gidansa, a fito da tuwo, duk wanda yake so ya zo su ci tare, su yi hira. Wasu sukan zo kullum, wasu jefi-jefi. Irmiya bai taɓa zuwa ba. Yau yana wasa adda, gobe yana kankare kasko, jibi ya gaji. In kuwa suka haɗu da Baba a hanyar gona, sai ya durƙusa ya yi gaisuwa idonsa a ƙasa, kafin Baba ya ƙara wata magana ya riga ya miƙe ya kama gabansa.

Wata rana Tabita ta dawo daga kai kwanuka gidan Baba, ta tarar da mijinta a ƙofar ɗaki yana gyaran ƙotar fartanya.

Ta ce, “Baban Ladi, yau ma Baba ya tambaye ka.”

Ya ɗago da sauri. “Me ya ce?”

“Cewa ya yi, ina Irmiya, yana nan lafiya?”

“Shi ke nan? Bai yi maganar mazarƙwailar jiya ba? Na ga kamar ta ɗan yi duhu.”

“Bai yi ba. Kai ya tambaya. Mutum ya yi ta cigiyarka haka, ai ya kamata ka je ko sau ɗaya ne.”

Irmiya ya mai da kansa ga fartanyarsa. Ya ce, “Maman Ladi, ni da Baba ba sa'o'in juna ba ne. Abin da yake so na sani, ina kuwa yi. In na je na zauna a gabansa, me zan ce masa?”

Tabita ta san mijinta. Ta san yana cin abinci ne kamar wanda ake jira a waje, kuma ko an yaba aikinsa ba ya murna, sai ya shiga tunanin ranar da zai yi kuskure. A wurinsa alherin Baba abu ne da ake riƙewa da ƙoƙari, in hannu ya gaji ya suɓuce.

Ana nan, lokacin saran rake ya zo, aiki ya yi yawa, murhu ba ya hucewa. Wata safiya Irmiya yana tsaye yana juya ruwan rake, ya kusa nuna, sai ɗaya daga cikin duwatsun murhu ya fashe saboda zafi. Kaskon ya karkata. Irmiya ya kai itacen juyi zai tare, amma nauyin ya fi ƙarfinsa. Tafasasshen ruwan ya kwararo masa a ƙafar dama, daga gwiwa har tafin sawu. Abokan aikinsa suka zuba masa ruwan sanyi, suka ɗauke shi zuwa ɗakinsa. Baba kuwa yana can ƙarshen gona wurin masu sara, sai aika masa aka yi.

Irmiya yana kwance, zafin ƙuna yana cin sa, amma abin da yake cikin zuciyarsa ya fi ƙunar damunsa. Ya ɓarar da dahuwa guda a tsakiyar lokacin aiki. Kasko ya tsage. Shi kansa bai san ko zai sake taka ƙafar nan ba. Ya dubi Tabita da take yi masa fifita, ya ce, “In na ɗan samu sauƙi, sai mu san inda za mu nufa. Ba za mu zauna muna cin hatsin mutum a banza ba.”

Ta ce, “Haba Baban Ladi. Ba kai ne kake gaya wa mutane cewa Baba bai taɓa korar marar lafiya ba?”

“Ni ne.”

“Ba kai ne kake ba da labarin shekarar fari ba?”

“Na sani, Maman Ladi. Duk na sani.”

Gaskiya ya faɗa, ya sani. Ya yi ta maimaita wa kansa abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya, amma ko ɗaya bai sanyaya masa rai ba. Ya san Baba mai jinƙai ne ga mutane. Abin da bai taɓa tabbatarwa ba shi ne ko jinƙan nan ya haɗa da shi, baƙon da ya zo hannu wofi.

Rana ba ta kai tsaka ba suka ji murya a ƙofa. “Gafaranku dai, masu gida.”

Tabita ta miƙe ta ɗaga labule. Baba ne da kansa, gumin gona bai bushe masa ba. Yana riƙe da ƙwaryar ruwa, da kwalbar zuma, da farin ƙyalle a kafaɗa. Ta rusuna ta ce, “Sannu da zuwa, Baba,” ta jawo masa kujera. Bai zauna a kai ba. Ya zauna a ƙasa, dab da tabarmar Irmiya.

Irmiya ya yunƙura zai tashi. Baba ya dafa ƙirjinsa ya ce, “Kwanta, ɗana.”

Irmiya ya ce, “Baba, dahuwar duk ta zube. Kaskon ma ya tsage. Na yi ƙoƙarin tarewa.”

Baba ya ce, “Na biyo ta wurin, na gani. Ina ne ya fi yi maka zafi?”

Sai ya ɗaga ƙafar a hankali ya ɗora a kan cinyarsa, ya fara wankewa. Irmiya ya rasa inda zai kai idonsa, sai ya sauke shi a kan hannuwan da suke wanke shi. Nan ya ga abin da bai taɓa gani ba. Hannuwan Baba duka biyu, daga yatsu har gwiwar hannu, tabon ƙuna ne, fatar ta tattare ta yi sheƙi. Labarin wutar nan Irmiya ya ba da shi sau da yawa, har ya san inda ake dakatawa don masu ji su girgiza kai. Amma bai taɓa ɗaga ido ya ga abin da wutar ta bari ba. Ashe mai wanke masa ƙuna ya san zafin ƙuna a jikinsa.

Yana cikin kallon nan, sai ya ji ɗigon wani abu a cinyarsa, sama da inda ciwon yake. Ya ɗaga kai. A karo na fari ya dubi fuskar Baba sosai, ya ga hawaye yana bin gemunsa. Cikin dukan labaran da ya tara, ba wanda ya taɓa gaya masa cewa Baba yana kuka.

Baba ya ci gaba da shafa zuma, yana magana a hankali. “Tun ranar da ka shigo gonar nan da tabarma a ka, ƙafafunka duk laka, nake so mu zauna ni da kai. Nakan tsaya daga nesa in kalle ka a bakin murhu. Har na san yadda kake cije leɓe in ruwan ya kusa nuna.”

Irmiya ya ce, “Baba, ni na ɗauka aikina kake dubawa.”

“Aikinka yana da kyau. Amma ba don na rasa mai dafa mazarƙwaila na karɓe ka ba.”

Irmiya ya buɗe baki zai yi godiya irin wadda ya saba. Sai kuka ya ƙwace masa, irin wanda bai yi ba ko a ranar da ruwa ya tafi da gidansu. Baba bai hana shi ba. Ya ɗaure ƙafar da ƙyalle, ya bar hannunsa a kanta har kukan ya lafa. Tabita ta ɗauki Ladi ta fita tsakar gida, ta bar su.

Daga ranar nan, kowace safiya Baba yakan zo ya wanke ciwon ya sake ɗaurewa, sa'an nan ya ɗan zauna. Da fari Irmiya amsa tambaya kawai yake yi. Sannu a hankali bakinsa ya buɗe. Ya ba Baba labarin garinsu, da itacen mangwaron da mahaifinsa ya dasa, da yadda har yanzu gabansa yake faɗuwa in ya ga hadari ya haɗo. Abubuwan da ko Tabita bai taɓa gaya wa ba, ya same su suna fitowa da kansu. Baba yakan saurara har ƙarshe. Irmiya ya gano cewa Baba yana da ban dariya, yakan kwaikwayi tafiyar tsohon dokin injin har Ladi ta faɗi don dariya. Wata rana kuma ba mai cewa kome, su zauna shiru suna jin kukan kurciya, shirun bai dame su ba.

Ba kullum ne maganar take da daɗi ba. Akwai ranar da ciwo ya matsa wa Irmiya, Tabita ta kawo masa kunu, ya daka mata tsawa wai ya yi sanyi. Baba yana wurin. Da ta fita, ya dube shi ya ce, “Matar nan ba ta huta ba tun da ka kwanta. Abin da ka yi bai kyautu ba. Kira ta ka ba ta haƙuri.” Maganar ta soki Irmiya, ya ji kunya ƙwarai, ya kuwa kira ta ya ba ta haƙuri. Amma daga baya ya lura da wani abu da ya ba shi mamaki. An tsauta masa, duk da haka tunanin ɗaure kaya bai zo masa ba ko kaɗan. Da safe Baba ya dawo da ƙwaryarsa kamar kullum.

Akwai kuma lokacin da wani aiki ya kai Baba wata gonarsa mai nisa, ya kwana biyu bai leƙo ba, Tabita ce take wanke ciwon. Tsohon tsoron nan ya ɗago kai, yana raɗa wa Irmiya cewa an gaji da shi. Ransa ya yi nauyi, hirar ma ta fita masa a ka. Sai dai yanzu yana da abin da zai amsa wa tsoron. Yakan ce wa kansa, mutumin da ya zauna a ƙasan ɗakin nan ya ɗora ƙafata a cinyarsa, ba zai manta da ni don ban gan shi ba. Ranar da Baba ya dawo, kafin ya shiga gidansa sai da ya biyo ta ɗakin Irmiya.

Ciwon ya warke, amma fatar ta ɗaure, Irmiya ya zama yana ɗingishi, ba ya iya doguwar tsayuwa a bakin wuta. Baba ya mai da shi wurin zaɓen irin rake, aikin da ake yi a zaune a inuwa, ana ware gaɓoɓi masu kyawawan idanu don shuka. Wani ne yanzu yake tsaye a bakin babban kasko, abin kuwa bai dame shi ba. Masu wucewa sukan ji shi yana 'yar waƙa yana aiki. In matafiyi ya roƙi rake, a da yakan ba shi domin haka doka ta ce. Yanzu sai ya tona cikin tari ya zaro mai kauri, domin ya san yadda fuskar Baba take washewa in ya ga baƙo ya tafi yana murna. Da yamma kuwa yakan ja ƙafarsa zuwa rumfa, ya zauna kusa, ya ci tuwonsa a natse har ya suɗe hannu.

Wata rana suna dawowa daga rumfar, Tabita tana rage sauri don ya cim mata, sai ta ce, “Baban Ladi, da za a ce a mayar maka da ƙafarka yadda take, kai ma ka koma yadda kake a da, za ka yarda?”

Ya yi 'yan taku. Sa'an nan ya ce, “Ƙafata dai ina sonta, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma in sai na mayar da abin da na samu, a bar ni da ɗingishina.”

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Mai gonar nan Ubangijinmu ne. Gonar ikilisiyarsa ce, inda ya karɓe mu muna hannu wofi. Labaran da Irmiya ya tara su ne koyarwar da muke samu a ajin baftisma, da makarantar Lahadi, da wa'azi. Rumfar nan ta yamma kuwa ita ce zumunta da Allah, wadda ƙofarta take buɗe kullum.

Da yawa a cikinmu Irmiya ne. In aka tambaye mu ko Allah mai ƙauna ne, za mu amsa kafin a rufe baki. Mun san Yesu Almasihu ya mutu domin masu zunubi, muna iya koya wa wasu. Muna cikin ƙungiyar mawaƙa, muna zumuntar mata, muna share majami'a ran Asabar. Amma in muka zo addu'a, gaisuwa muke yi ido a ƙasa, mu miƙe da sauri kafin ya ce mana wani abu. Muna yi masa hidima kamar waɗanda ake dubawa, kullum muna jiran ranar da za mu yi kuskure a sallame mu. Sai wahala ta zo, mu tarar duk abin da muka haddace yana kanmu, bai sauko zuciya ba.

Kada wani ya ce, ashe koyarwa ba ta da amfani. Duk abin da Irmiya ya ji a kan Baba gaskiya ne, bai zubar da ko ɗaya ba. Da bai san labarin wutar ba, da ya ga tabon nan bai gane kome ba. Koyarwa ce take gaya mana wane ne wannan da ya zauna kusa da mu. Amma an ba mu ita domin ta kai mu wurinsa. Cewa Almasihu ya sha wuya domin mutane, gaskiya ce. Ranar da Ruhu Mai Tsarki ya buɗe idonka ka ga cewa hannuwan nan da aka huda, kai suke wankewa, ka gane ciwonka yana taɓa zuciyarsa, ranar nan gaskiyar takan zama abin kuka da abin murna. Kada ka ji kunyar wannan. Allah da ya ba mu hankali don mu fahimce shi, shi ne ya ba mu zuciya don mu ƙaunace shi, mu ji daɗinsa.

Kada kuma ka auna kusancinka da Allah da yawan hawaye. Akwai kwanakin da za ka yi addu'a ka ji kamar ba kowa a ɗakin. Akwai ranar da Maganarsa za ta tsauta maka har ka ji zafi. Wanda ya san Ubangiji yakan bi ta cikin waɗannan duka, amma ba ya ɗaure kaya, gama ya san halin wanda yake jira.

Abu na ƙarshe. Irmiya sai da ya ƙone kafin ya ɗaga ido, amma ba haka Baba ya so ba, tun ranar farko yake nemansa. Kai ma ba sai ka kwanta ciwo ba. In ka koma gida yau, ka nemi wuri ka zauna a gaban Ubangiji ba tare da gaggawa ba. Ka karanta Maganarsa kamar mai sauraron wanda yake ƙaunarsa. In ba ka san abin da za ka ce ba, ka fara da abin da yake ranka da gaske, ko tsoro ne, ko gajiya, ko wani abin da ba ka taɓa gaya wa kowa ba. Zai saurara har ƙarshe. Ya daɗe yana so ku zauna, kai da shi.